Guzuri da Tsaraba a Gaban Jami'an Kwastan: Nazarin Ma'anar "Abinci" da "Bayyanawa" ga Matafiyi Bahaushe

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin abin da ke faruwa idan matafiyi Bahaushe ya sauka a filin jirgin saman wata ƙasa ɗauke da kayan ci a ƙunshe, jami'an kwastan suka tambaye shi ko yana da abin da zai bayyana. An dubi ƙa'idojin Amurka da Tarayyar Turai da Birtaniya da Ostireliya da Saudiyya, aka auna su da ma'anar wasu kalmomi da al'adun tafiya na Hausawa. Maƙalar ta gano cewa matafiyi na iya faɗawa cikin tara ba tare da ya yi niyyar ha'inci ba. Dalili shi ne faɗin kalmar abinci a bakin Bahaushe bai kai faɗin abin da dokokin suke nufi ba, kuma shi ya san kwastan da harajin haja ne, alhali tambayar abinci ta shafi kare dabbobi da amfanin gona daga cututtuka. An kammala da nuna buƙatar tsara jadawalin sunayen kayan ci na Hausa da mahaɗansu domin amfanin matafiya.

Fitilun Kalmomi: guzuri, tsaraba, kwastan, abinci, bayyanawa, ma'ana

1.0 Gabatarwa

Da wuya Bahaushe ya kama hanya hannu rabbana. Ɗalibin da zai koma karatu Ingila, da uwar da za ta je wankan jegon 'yarta a Amurka, da maniyyacin da zai tafi sauke farali, kowannensu yana da lungun da ya keɓe a jaka domin kilishi ko yaji ko kuka ko daddawa. A yau kayan nan sun samu sabuwar sutura. Ana sayar da su cikin leda mai hatimi ko roba mai murfi, da suna da lambar rajista a jiki, abin da ke sa mai ɗauke da su ya ɗauka cewa sun wuce tuhuma.

A ɗaya ɓangaren kuma akwai dokokin ƙasashen da ake zuwa, waɗanda suka wajabta wa duk mai shigowa ya sanar da kayan cin da ke tare da shi. A tsakanin jakar matafiyi da teburin jami'i akwai tambaya da amsa, wato akwai harshe. Nan ne wannan maƙala ta tsaya. Ta dogara ga ƙa'idojin da hukumomin ƙasashen suka wallafa da kuma yadda masu harshen Hausa ke sarrafa kalmomin da abin ya shafa. An ɗora nazarin a kan ra'in da Eleanor Rosch ta shahara da shi a shekarun 1970, wanda ke nuna cewa kowane rukunin ma'ana yana da 'yan tsakiya, waɗanda su ne ke fara faɗo wa mutum a rai, da kuma 'yan gefe, waɗanda sai an yi tunani ake shigar da su.

2.0 Guzuri da Tsaraba da Haja

Bahaushe ya kasa kayan matafiyi gida uku. Guzuri shi ne abin da zai ci a hanya, shi ya sa ake zaɓen mai jure kwanaki, kamar ƙuli-ƙuli da dakuwa da kilishi da garin fura. Tsaraba ita ce abin da zai kai wa waɗanda zai tarar, ko ya dawo wa waɗanda ya bari da shi. Haja kuwa kayan ciniki ce. Biyun farko na zumunci ne da kiyaye rai, ta ukun ce ta neman riba.

Tarihin fatauci ya ƙarfafa wannan rabo. Ayarin fataken da ke tashi daga ƙasar Hausa zuwa Gwanja sayen goro, waɗanda Paul Lovejoy ya yi nazarinsu a littafinsa na 1980, suna biyan kuɗi ga sarakunan hanya da masu fito a bakin koguna, kuma madugu ne ke daidaita abin da za a biya gwargwadon kayan ayari. Daga nan Hausa ta gaji kalmar kuɗin fito, wadda har yau ita ake amfani da ita ga harajin shigo da kaya. Haka kuma wanda ya kauce wa kwastan, ko duwan kamar yadda ake faɗa a Nijar, sunansa ɗan fasa-ƙwauri, kuma hoton da ke zuwa zuciya shi ne na buhunan shinkafa ko bandiran atamfa. Saboda haka idan jami'i ya tambayi Bahaushe ko yana da abin bayyanawa, hankalinsa kan haja yake tafiya. Ƙullin kilishin da gwaggonsa ta cusa masa a jaka ba ya cikin lissafi.

3.0 Dalilin Tambayar Abinci a Kan Iyaka

Tambayar abinci ba ta da alaƙa da kuɗin fito. Tushenta tsoron cututtukan dabbobi ne da ƙwarin amfanin gona, kuma ƙasar Hausa ta ɗanɗana irin wannan masifa. Cutar bushiya ta shigo Afirka a 1887 ta hanyar shanun da sojojin Italiya suka kawo Eritiriya, cikin 'yan shekaru ta iso Afirka ta Yamma ta share garkunan Fulani. Sai a 2011 aka tabbatar da kawar da ita daga duniya.

A Turai kuwa, abin da ya tsaurara doka shi ne ɓarkewar ciwon baki da kofato, wanda makiyaya ke kira boru, a Birtaniya a 2001. An gano mafarinsa a wata gonar aladu a arewacin Ingila, inda ake ciyar da su ragowar abincin da ba a dafa yadda doka ta tanada ba. Kafin a shawo kansa an hallaka dabbobi fiye da miliyan 6, asarar kuma ta kai kimanin fam biliyan 8. Daga farkon 2003 Tarayyar Turai ta hana matafiyan da suka fito daga ƙasashen waje shigowa da nama ko madara a kayansu. Ƙwayar wannan cuta tana iya rayuwa a cikin naman da aka busar ko aka sa wa gishiri matuƙar zafin wuta bai ratsa shi sosai ba. Kilishi kuwa shanya shi ake yi a rana, a tsoma shi cikin haɗin tunkuza da kayan yaji, a sake shanyawa, sannan a ɗan gasa. Jami'in da ke tsaye a filin jirgi ba shi da hanyar sanin irin zafin da wannan gashi ya kai, don haka doka ta ɗauke masa wahalar tantancewa, ta hana gaba ɗaya.

Hatsi ma yana da nasa abin tsoro. Tun 2011 Amurka ta hana fasinjoji shigar da shinkafa daga ƙasashen da ake samun wani ƙwaron rumbu mai suna kafra, kuma Nijeriya da Nijar da Sudan da Saudiyya duk suna cikin jerin. Ke nan mudu ɗaya na shinkafar tuwo, wanda ba ya da wata daraja ta haraji, ya isa ya tsayar da matafiyi.

4.0 Giɓin Ma'ana

4.1 Kalmar Abinci

Ta fuskar ƙira, abinci harɗaɗɗiyar kalma ce daga abin da ci, wadda ya kamata ta haɗe duk abin da ake ci. Amma a bakin masu harshen ta ƙuntata. 'Yan tsakiyar rukunin su ne tuwo da shinkafa da dambu da ɗanwake, wato dafaffen abin da ke riƙe ciki. Mutumin da ya wuni yana cin gyaɗa da rake zai ce, "Yau ban ci abinci ba," kuma ba wanda zai ƙaryata shi. Sauran abubuwan da ke shiga baki kowanne da gidansa. Kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa kayan miya ne. Citta da kanumfari da masoro da kimba kayan ƙamshi ne. Kilishi da alewa da dakuwa ƙwalama ce. Fura da kunu da zoɓo abin sha ne. Zuma da habbatus sauda da saiwoyi da sassaƙe sun fi kusa da magani. Goro kuwa goro ne, ba mai kiransa abinci.

Abin lura shi ne, kusan duk abin da Bahaushe ke ɗauka zuwa ƙasar waje daga 'yan gefe yake. Ba mai zuba tuwo a akwati. To amma takardar bayyana kaya ta kwastan ɗin Amurka, mai lamba 6059B, ta jera 'ya'yan itace da kayan lambu da tsirrai da iri da abinci da nama da duk abin da aka samo daga dabba, har da ƙasa. A wurinta duk abin da ake kaiwa baki ya shiga, komai ƙanƙantarsa. A 2018 an ci wata mata tarar dala 500 a Amurka a kan tuffa guda ɗaya da aka ba ta a cikin jirgin da ya taso daga Faris, ta ajiye a jaka ba ta faɗa ba. Hukumar kwastan ta ƙasar ta yi gargaɗin cewa tarar rashin bayyana kayan ci tana iya kaiwa dala 10,000. Matafiyin da ya amsa da "a'a" alhali jakarsa cike take da kayan miya ya faɗi gaskiya da ma'aunin Hausa, ya kuma yi ƙarya da ma'aunin doka.

Wannan takarda tana da wata tambayar da ta shafi Hausawa ƙwarai, wato ko mutum ya kusanci dabbobin kiwo ko ya taɓa su. Wanda bai ɗauki kansa makiyayi ba zai yi saurin cewa a'a, ya manta da awakin da ke tsakar gidansu da ragon layyar da ya kama da hannunsa kwana uku kafin ya taso.

4.2 Ƙunshi da Hatimi

Giɓi na biyu ya shafi ƙunshi. Tun kafa hukumar NAFDAC a 1993 mutanen Nijeriya suka saba da duba lambarta a jikin kaya a matsayin shaidar inganci. Wannan lamba tana nuna cewa an amince a sayar da abin a cikin gida. Ba ta ɗaure hannun wata ƙasa ba. Abin da jami'in ƙasar waje ke tambaya shi ne daga me aka yi abin, kuma daga wace ƙasa ya fito. Kilishin da ke cikin leda mai hatimi da wanda aka naɗe a takarda hukuncinsu ɗaya, domin dukansu naman shanu ne. Dunƙulen miya, wanda uwargida ba ta taɓa ɗaukarsa nama ba, yana iya shiga cikin abin da aka hana idan akwai ruwan nama ko na kaza a mahaɗinsa, kuma yana iya jawo wa yajin da aka daka da shi irin wannan hukunci. A 2022, lokacin da boru ya ɓarke a Indunusiya, an ci wani fasinja da ya taso daga tsibirin Bali tarar dalar Ostireliya 2,664 a filin jirgin Darwin saboda burodi mai nama da ƙwai da ya sayo a naɗe daga wani sanannen gidan abinci.

Duk da haka ƙunshi yana da nasa amfani. Rubutun da ke jikin leda yana gaya wa jami'i sunan abu da mahaɗinsa da ƙasar da aka yi shi, wanda hakan ke sauƙaƙa yanke hukunci. Garin kukar da aka juye a robar da ba ta da rubutu koren gari ne kawai a idon wanda bai san shi ba, kuma abin da jami'i ya kasa ganewa ya fi saurin ƙwacewa.

4.3 Kalmar Bayyanawa

Giɓi na uku ya shafi aikin da ake nema daga matafiyi. Kishiyar bayyana a Hausa ita ce ɓoye, saboda haka kalmar tana ɗauke da inuwar cewa da ma akwai abin da aka rufe. Al'ummar da ta ɗauki rufin asiri a matsayin babbar ni'ima ba ta jin daɗin a baje kayan mutum a gaban jama'a, balle a buɗe ƙullin daddawa warinta ya cika wuri. Ga kuma zaton cewa wanda ya ce yana da abu ya kai ƙarar kansa ne.

A dokokin Amurka da Birtaniya da Ostireliya lamarin akasin haka yake. Wanda ya bayyana abin da aka hana, iyakarsa a karɓe a lalata, ya wuce ba tara. Laifin yana kan wanda ya yi shiru aka gano, kuma hanyoyin ganowa suna da yawa, daga na'urar haska kaya zuwa karnukan da aka horar su sansano kayan ci, waɗanda Amurka ta fara aiki da su a filin jirgin Los Angeles a 1984. A filayen jiragen Turai ba lallai ne ma a yi wa mutum tambaya ba. Ƙofofi ne aka tanada, koriya ga wanda ba shi da abin bayyanawa, ja ga mai shi. Wanda ya bi koriyar ya riga ya ba da amsa da ƙafarsa, ko da bin ayarin fasinjoji kawai ya yi. Hausawa sun ce shiru ma magana ce, a nan kuwa magana ce da doka ke kama mutum da ita.

4.4 Saƙo da Sallahu

Al'adar ba da saƙo ta ƙara wa lamarin nauyi. Da zarar an ji mutum zai yi tafiya, sai 'yan'uwa da maƙwabta su yi ta kawo ƙulli a kai wa 'ya'yansu. Buɗe saƙon wani a gaban mai shi yana kama da rashin yarda, buɗe shi a bayan idonsa kuma yana kama da cin amana. Doka ba ta san wannan kunya ba. Duk abin da aka samu a jakar mutum nasa ne, kuma cewa "ba ni aka yi in kai" ba ta kare kowa.

5.0 Matsayin Wasu Kayan Ci na Hausa

Kowace ƙasa da inda take sa iyaka, kuma ƙa'idojin suna sauyawa idan wata cuta ta ɓulla. Misali, a watan Afrilun 2025 Birtaniya ta hana matafiya shigo da naman shanu da tumaki da awaki da aladu da kayan madara har daga ƙasashen Tarayyar Turai. Duk da haka ana iya kasa kayan Hausa kamar haka:

i. Nama: Kilishi da dambun nama da soyayyen naman layya ba sa shiga Tarayyar Turai ko Birtaniya a kayan fasinja. Amurka ma ba ta karɓarsu daga ƙasashen da ba ta amince sun rabu da boru ba, kuma Nijeriya da Nijar ba su samu wannan amincewa ba. Naman daji ya fi tsanani, domin tun 2003, lokacin da ƙyandar biri ta shiga Amurka ta hanyar gafiyoyi da dangoginsu da aka kai daga Gana, aka haramta shigar da ire-irensu daga Afirka, a raye ko a mace.

ii. Nono da danginsa: Man shanu da cuku da madarar gari an hana su a Turai da Birtaniya, in ban da madarar jarirai da ba ta wuce kilo 2 ba, tana cikin gwangwaninta na kamfani ba a buɗe ba. Amurka kuwa tana barin man shanu da busasshen cuku.

iii. Kifi da zuma: Tarayyar Turai tana barin busasshen kifi ko bandararre har kilo 20, zuma kuma har kilo 2.

iv. Ɗanyun tsirrai: Daga 14 ga Disambar 2019, ɗanyun 'ya'yan itace da kayan lambu da iri ba sa shiga Tarayyar Turai sai da takardar shaidar lafiyar tsirrai. An ware abu biyar kaɗai, wato abarba da ayaba da kwakwa da dabino da wani ɗan itacen Asiya mai suna duriyan. A Nijeriya hukumar killace kayan gona ta NAQS ce ke ba da wannan takarda.

v. Busassun kayan miya: Garin kuka da na kuɓewa da daddawa da yaji da busasshen zoɓo sun fi samun sauƙin wucewa bayan an duba su, domin abin da aka busar aka daka ba ya tsira. Sauƙin wucewa bai ɗauke wajibcin faɗa ba.

vi. Goro: Saudiyya ta hana shigar da shi, kuma Hukumar Alhazai ta Nijeriya ta sha jan kunnen maniyyata a kan haka. A nan mafita ita ce a bar shi a gida.

6.0 Aikin da ke Gaban Masana Hausa

Tunda matsalar ta ma'ana ce, masana harshe suna da abin cewa. Na farko shi ne gyaran fassara. Duk takardar wayar da kai da ta tambayi Bahaushe, "Kana ɗauke da abinci?" ta riga ta shirya masa amsar kuskure. Abin da ya dace shi ne a warware rukunin, a ce, "Kana ɗauke da wani abin da ake ci, ko ake sha, ko ake taunawa, ko ake sawa a miya, ko ake shukawa?" Haka kuma sanar da jami'i ya fi bayyanawa sauƙi a kunne, domin bai ɗauke da inuwar ɓoyo.

Na biyu shi ne jadawali. Matafiyin da ya yi niyyar faɗin gaskiya ma yana iya kakarewa idan aka ce ya faɗi mene ne daddawa. Ana buƙatar taƙaitaccen jadawalin da zai kawo sunan kowane abu da Hausa, da abin da aka yi shi da shi, da ko akwai nama ko nono ko iri a ciki, da sunan kimiyya na tsiron, tunda shi ne jami'an killace kayan gona suka sani a ko'ina. Kuka ita ce Adansonia digitata, ɗorawar da ake daddawa da kalwarta Parkia biglobosa, zoɓo Hibiscus sabdariffa, zogale Moringa oleifera, aya Cyperus esculentus. Ba daga tushe za a fara ba, domin J. M. Dalziel ya tattara sunayen tsirran Hausa tun 1916, ga kuma ƙamusun Bargery na 1934 da na Jami'ar Bayero na 2006. Abin da ya rage shi ne a tace, a shigar da bambancin karin harshe, a kai shi hannun hukumomin alhazai da ofisoshin da ke tura ɗalibai waje.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa Bahaushe yana isa teburin kwastan da rabe-raben da ya gada daga zamanin fatauci, inda haja ce ake tambaya, guzuri da tsaraba kuwa sha'anin mai su ne. Dokar zamani ta rushe wannan rabo saboda tsoron cuta, ta kuma yi amfani da kalmomin da faɗinsu ya saɓa wa na takwarorinsu na Hausa. An ga yadda abinci ya ƙuntata, da yadda hatimin leda ke ruɗi, da yadda bayyanawa ke kama da tonon asiri, da yadda saƙo ke ɗora wa mutum alhakin abin da bai gani ba. Abin da ke kuɓutar da matafiyi shi ne ya san abin da ke cikin kowane ƙulli tun yana gida, ya bar kaya cikin ƙunshinsu mai rubutu, ya faɗi duk abin da ke shiga baki, ya bar wa jami'i hukunci. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma jadawalin da aka ambata yana daga cikin abin da ya kamata sassan nazarin Hausa su tanadar masa tun kafin ya ɗaure kaya.